Karayar arziki da rufin asiri: nazarin faɗuwar daraja, da misalin Damagaram

Tun 1927, lokacin da Pitirim Sorokin ya fitar da littafinsa a kan motsin mutane tsakanin matakan al'umma, an san cewa motsin nan fuska biyu gare shi: akwai mai hawa, akwai mai gangarowa. Amma in aka duba abin da masu bincike suka rubuta tun daga wancan lokaci, za a tarar kusan kowa mai hawan ya bi. A ƙasarmu ma haka abin yake. Muna da aikin Emmanuel Grégoire na 1986 a kan alhazan Maraɗi, wanda ya nuna yadda yaron ubangida ke tashi ya zama attajiri ta hanyar gyaɗa da cinikin kan iyaka. Muna da tarihin ƴan lakwal da suka karɓi mulki daga hannun Faransawa a 1960. Gidajen da suka sauka a daidai lokacin da waɗannan ke hawa kuwa, ba mu da labarinsu sai gutsattsari: nan layi guda cikin rahoton komanda, can wata magana da tsoho ya fara bai ƙarasa ba.

Abin da wannan ƴar takarda take so shi ne ta tambayi dalilin wannan giɓi, ta kuma gwada nuna ƙofar da za a shiga. A ganinmu, ƙarancin takardu rabin matsalar ne kawai. Al'umma da kanta tana aikin ɓoye faɗuwa, aikin kuwa sananne ne, yana cikin addu'ar kowa safe da yamma: rufin asiri. Mai binciken da bai ɗauki wannan aiki a matsayin abin nazari ba zai yi ta laluben abin da aka kawar masa da gangan. Shi ya sa muke ganin masanin tarihi shi kaɗai ba zai iya ba, sai ya haɗa kai da masanin harshe, da na tattalin arziki, da masu nazarin shari'a da al'ada. Mun ɗauki Damagaram tsakanin 1899 da 1926 don misali, domin da wuya a sami wani wuri a ƙasar nan inda manyan gidaje masu yawa suka sauka cikin ƙanƙanen lokaci kamar can.

Abin da kalmomi ke cewa

Faransanci yana da kalma guda, déclassement, wadda Pierre Bourdieu ya yi ma maƙala a 1978. Kalmar tana ɗauke da hoton tsani guda mai matakai, mutum ya zame daga na sama zuwa na ƙasa. Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da ita, dalili kuwa shi ne tsanin nata ba guda ba ne. Akwai na sarauta, wanda ya raba masu mulki da talakawa. Akwai na dukiya, wanda ya raba attajiri da matsiyaci. Akwai na asali, ɗa da bawa, ga kuma na sana'a da na ilimi. M. G. Smith ya bayyana wannan tun 1959, har ya nuna bambancin sana'ar gado, wadda ake kira karda, da wadda mutum ya shiga da kansa, wato shigege. Mutum yana iya faɗowa daga wani tsanin alhali yana tsaye daram bisa wani.

Kalmar talaka ta isa misali. Masu fassara sun saba mayar da ita pauvre, amma a ma'anarta ta fada, talaka shi ne wanda ba shi da sarauta, ko da rumbunansa sun kai goma. Babban falke na Zango talakan sarki ne. Ɗan sarkin da ba shi da tuwon dare ba talaka ba ne. John Iliffe, a littafinsa na 1987 a kan tarihin talauci a Afirka, ya lura da wannan, ya raba talaka da matsiyaci. Duk takardar tambayoyin da ta tambayi tsoho ko kakansa talaka ne, amsa biyu take gayyata, kuma ba ta da hanyar sanin wacce aka ba ta.

Sannan akwai laƙabin da ba ya tuɓuwa. Ana tuɓe rawani, amma ba a tuɓe Alhaji, ba a tuɓe Malam, ba a tuɓe Maina, sunan da ake kiran ɗan sarki da shi a Damagaram bisa al'adar Barno. Alhajin da jarinsa ya ƙare shekara ashirin da suka wuce, Alhaji ake kiransa har kabari, a gaishe shi da gaisuwar da, a ba shi wurin zamansa na da a wajen ɗaurin aure. Abin da karin maganar nan ke nufi ke nan, kome ramar giwa ta fi kwando goma. Wato harshen gaisuwa makararre ne, ba ya cim ma halin aljihu sai bayan tsara guda ko biyu. Ga masanin harshe, wannan makara ita ce abin aunawa. Yaushe jika ya daina amsa Maina? Wa ya fara kiransa da sunan yanka tsura, kuma a gaban wa?

Batu na gaba ya shafi nahawu, a nan kuwa za mu ɗan daɗe. In Bahaushe zai ba da labarin hawan wani, labarin cike yake da sunaye: wane ya ɗauke shi yana yaro, wane ya ba shi jari, wane ya kai shi gaban sarki. In aka zo ga sauka, sai sunaye su ɓace. A ce ya karye, ya talauce, ya tsiyace, gidan ya lalace, abin hannunsa ya ƙare. Dukansu aikatau ne ƙi-karɓau na aji na 4 a tsarin Parsons, masu ƙarewa da wasalin e, waɗanda ke nuna abu ya auku har ya kai ƙarshe ba tare da an ambaci hannun kowa ba. In dole sai an nuna akwai hannu, sai a kawo wakilin sunan nan mara fuska: an tuɓe shi, an karɓe gonar, an kore su. Ko kuma a ɗora ma duniya, a ce rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Kada a fahimce mu a karkace. Mutane sun san dalili sarai, harshen kuma yana da hanyar faɗin wa ya kayar da wa. Ba a dai zaɓenta a gaban baƙo mai rikoda. Ambaton wanda ya kayar da kakanka ƙara ce, ƙara kuwa tana da magada a ɓangare biyu, galibi suna unguwa guda, wataƙila ma sun haɗa aure. Saboda haka a cikin hirar da aka ɗauka, wurin da mai magana ya bar sunaye ya koma ga "an" da "ya karye" shi ne wurin da ya kamata a ja layi, a tafi a nemi cikon a wata majiya.

Damagaram, 1899 zuwa 1926

Daular da Faransawa suka tarar a Zinder ginin sarki Tanimun ce fiye da na kowa. Ya yi mulki sama da shekara 30, ya rasu a 1884, ya bar garu kewaye da Birni, da rundunar ƴan bindiga, da maƙeran da ke zuba igwa. Arzikinta ya tsaya ne bisa yaƙi da bayi, da harajin ƙasashen da ke bi, da ayarin hamada da ke fitowa daga Tarabulus ya bi ta Gat da Abzin da Damargu, ya yada zango a Zinder kafin ya wuce Kano.

Kada a ɗauka faɗuwa da zuwan Nasara ta fara. James Richardson, Baturen Ingila da ya zauna Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda ake fita hari a kamo mutane, a sayar don biyan bashin fatake. Babu gangara da ta kai wannan tsawo: ɗa da safe, bawa da yamma. Abin lura ne kuma cewa ɗaya daga cikin dogayen labaran rayuwa na farko da aka rubuta da Hausar boko, labarin irin wannan faɗuwa ne. Dorugu yaro ne daga Dambanas, kusa da Kance. An kama shi an sayar, Overweg ya ƴanta shi, ya bi Barth har Ingila a 1855, Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Amma mun san Dorugu ne domin ya sake tashi, ya faɗa hannun masu alƙalami. Dubban da aka kora irin tasa kora, ba wanda ya zaunar da su ya tambaye su. Wannan son kai na majiya, da ke jin muryar faɗaɗɗe sai in ya miƙe, zai bi mu har ƙarshen takardar nan.

Abin da ya bambanta shekarun da muka zaɓa shi ne a wannan karo na sama ne suka sauka, kuma tare. A watan Mayu na 1898 aka kashe kyaftin Cazemajou a Zinder, zamanin sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen Yuli na 1899 sojan Faransa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga birni. A watan Satumba aka kashe sarkin. Aka naɗa Amadu ɗan Basa. A 1906, shekarar da tashin Kobkitanda da na Satiru suka tsorata Turawan ɓangarorin biyu na iyaka, aka tuhume shi da ƙulla makircin kashe Faransawa, aka tuɓe shi aka kai shi Kodibuwar. Malam Yaro, babban attajirin garin, wanda da farko ya yi hulɗa da Faransawa ƙwarai, yana cikin waɗanda aka kama aka fitar daga ƙasa. Camille Lefebvre ta sake bin diddigin wannan shari'a a littafinta na 2021, inda ta nuna irin rawar da jita-jita da tsegumi da tafinta suka taka. Aka miƙa riƙon gari ga Bellama, bawan fada, aka yanyanka ƙasar kanto-kanto. Sai a 1923 aka maido da sarauta ga gidan, aka naɗa Barma Mustafa.

Wannan shi ne tarihin da aka sani, André Salifou da Roberta Dunbar da Finn Fuglestad duk sun rubuta shi. Amma tarihin mutum biyar ko shida ne. Sarauta kuwa rumfa ce, in aka cire shikashikanta ba mai rawani kaɗai rana ke duka ba. Masu sarautun da ke cin garuruwa sun wayi gari harajin na komanda ne. Barade sun wayi gari babu yaƙi, dokin da jiya shi ne hanyar ganima, yau baki ne mai cin hatsi. A bayansu akwai maƙerin igwa, da mai ɗinkin lifidi, da badukun sirdi da linzami, da zagi, da makaɗin da ubangidansa ba shi da sauran rigar da zai tuɓe ya ba shi. Ba ɗayansu da aka tuɓe, don haka ba ɗayansu da ya shiga rahoto. Hawan Bellama ma ana yawan karanta shi a gaggauce, a ce bawa ya hau kan ɗiya. Ikon bayin fada ba sabon abu ba ne a Damagaram ko a Barno. Sabon abu shi ne a karon farko babu ubangiji a bisa kansa sai Bature, kuma ƴaƴan sarki dole su bi ta zaurensa.

Dukiyar kanta ta canza ma'ana. Dokar 12 ga Disamba 1905 ta hana sayar da mutum a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Ba ta kwance bauta rana guda ba, kuma Benedetta Rossi ta nuna a kan Adar yadda hukuma ta yi ta kawar da kai a inda ta ga dama. Amma bawan da ba ya sayuwa a fili, ba ya jinginuwa, kuma ba a iya maye gurbinsa da sabon hari, ya daina zama jari. Wanda ya tara arzikinsa cikin mutane sai ya ga yana zuba a hankali, wannan ya tafi, wancan ya zauna amma ya fara ciniki a kan kwanakin aiki. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, ya nuna irin wannan a ƙasar Zazzau daga cikin gida, ta bakin mace. Ba mu da makamancinsa a Zinder. Haka wanda ya tara wuri: da hukuma ta koma neman lampo da kuɗin Faransa, buhunan wuri suka zama kaya.

Fatake su ne aka fi sanin labarinsu, albarkacin Stephen Baier da littafinsa na 1980 a kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar. Gashin jimina ya riga ya faɗi a kasuwannin Turai saboda jiminar kiwo ta Afirka ta Kudu. A 1911 abu biyu suka haɗu: Italiya ta kama Tarabulus, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso Kano. Kayan da ke yin watanni bisa raƙumi suka koma zuwa ta teku da dogo, da araha. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta biyo baya. Baier ya nuna cewa wasu fatake sun juya, suka koma kai shanu da fatu kudu, suka tsira. Abin da lissafin kwastan ba ya iya nunawa shi ne me ya raba wanda ya juya da wanda ya kasa. Muna zaton amsar tana cikin bashi: cinikin hamada na amana ne mai dogon wa'adi, wanda rushewar ta tarar da kayansa a hannun mutane ya karye, wanda ta tarar da kayan mutane a hannunsa ya sami jari. Zato ne, amma irin wanda takardun gado za su iya gaskatawa ko su ƙaryata. A 1926 aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder, inda yake tun 1911, aka mayar Yamai, ƴan kwangila da masu sayar ma bariki kaya suka rasa ɗan abin da ya maye musu gurbin ayari.

Masu raƙuman ayarin nan, Kel Ewey da sauran mutanen Abzin, faɗuwarsu ta fi ta kowa zurfi. Hukuma ta yi ta ƙwace raƙuma don jigilar soja, sannan tawayen Kawusan na 1916 zuwa 1917 da murƙushewar da ta biyo shi suka watsa Abzin. A nan harshe ya ajiye wata shaida mai nauyi. Kalmar buzu a asali bawa ko baran Abzinawa take nufi. A bakin Hausawa da yawa ta faɗaɗa har ta rufe duk mai naɗa rawanin nan, ɗa da bawa, ta ture kalmar Ba'abzine gefe. Bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, da masu garke suka zama masu gadi a biranen kudu, kalmar ta ƙara ɗaukar wata ma'ana. Jama'a guda ta sauka mataki cikin sunan da maƙwabta ke kiranta da shi. Tarihin wannan faɗaɗa aiki ne da za a iya yi, a bi ƙamusun Landeroin da Tilho, da na Bargery na 1934, da na Abraham, a gwada su da waƙoƙi da hirarrakin rediyo. Samarinsu kuwa da suka fita neman aiki Libiya da Aljeriya sun ɗauki kalmar Faransanci ta marar aiki, chômeur, suka mayar da ita ishumar, suka yi ado da ita.

Ina za a nema

Takardun hukumar mulkin mallaka, na Yamai da na Dakar da na Aix-en-Provence, suna bin mutum ne muddin yana da amfani ko yana da haɗari. Kowane sarkin kanto yana da takardar bayani da komanda ke cikawa, halinsa, da biyayyarsa, da yadda yake tara lampo. Ranar da aka tuɓe shi takardar ta rufe. In ya sake fitowa, to a matsayin mai ƙara ne ko abin tuhuma. Jerin sarakunan da Landeroin ya tattara ma tawagar Tilho yana da daraja, amma a tuna ya tattara shi ne a shekarun da suka biyo bayan 1906, lokacin da kowane mai magana a Zinder ya san abin da baki ya jawo ma sarki.

Kirari da waƙar fada su ma mai ci suke bi, domin maroƙi ba ya tsayawa ƙofar da ba ta bayarwa. Sai dai waƙar fada tana da ɗaki na biyu, wato zambo da habaici, kuma can ne faɗaɗɗu ke zaune. Ɗan sarkin da ya nema bai samu ba yana ciki, ba da sunansa ba, da siffar wata dabba ko wani aibin jiki, ana yi masa dariyar rigar aro da ramammen doki. Masu nazarin adabi sun tattara zambo don gwanintar harshe. Ba a cika karanta shi a matsayin rajistar waɗanda suka sauka ba, alhali tsofaffin fada suna iya warware wa ake nufi, in sun yarda.

Majiyar da muka fi sa rai da ita ita ce ta alƙali da ta kotunan ƴan ƙasa na zamanin mulkin mallaka, inda ta tsira daga gara. Rabon gado ba ya rufa asiri, domin dole a ƙirga: riguna nawa, doki ko jaki, bashi nawa a kansa. In aka jera gadon uba da na ɗa da na jika, gangarar za ta fito da lamba. Haka jinginar gona da ta gida, haka ƙarar matar da ta nemi saki saboda rashin ci da sutura. Irin waɗannan takardu da Larabci ko ajami suke, shi ya sa sashen rubuce-rubucen hannu na IRSH a Yamai da malaman zaure suke da muhimmanci a aikin nan daidai da mai digirin tarihi.

Masu nazarin al'ada suna da nasu ma'auni. Guy Nicolas ya nuna yadda biki ke aiki a ƙasar Maraɗi: abin da aka kawo miki, ki mayar da fiye da shi. Matar da ta fara kasa ramawa, ko ta daina zuwa da uzurin ciwo, gidanta ya fara sauka tun kafin maza su sani, kuma mata suna riƙe da wannan lissafi a ka, shekara da shekaru. Aure ma haka: a duba gidajen da suka daina neman ɗiyar wane, da waɗanda a da ba za su yi ƙarfin halin nema ba amma yanzu aka ba su. Ko ginin ƙasa yana magana. Soro yana son yaɓe kafin kowace damina, yaɓe kuwa hannuwa yake so, na bayi a da, na ƴan ƙodago daga baya. Mai yawo cikin Birni zai ga gidan da zaurensa ke tsaye da adonsa alhali ɗakunan ciki sun zube. Rufin asiri ke nan da laka, abin da baƙo zai gani shi ake fara gyarawa.

Akwai wani tarko da ya kamata a ambata. Hanya mafi sauƙi ta rufa asiri a ƙasar Hausa ita ce barin gari. Wanda ya karye ya kan tafi cin rani bai dawo ba, ko ya ɗauki niyyar hajji da ƙafa ya zauna Cadi ko Sudan, inda ba wanda ya san rigar da ubansa ya sa. Binciken da aka yi a Zinder kaɗai zai tarar da zuriyar waɗanda suka iya zama, sai ya kammala cewa faɗuwar ba ta yi tsanani ba. Dole a bi sawu har zangon Kano da na gabas.

Duk wannan yana jawo tambayar da ba ta hanyar bincike ba ce kaɗai. In jama'a sun kashe tsara uku suna lulluɓe wani abu, da wane izini mai bincike zai yaye? Maganar ba ta wasa ba ce. Asalin bauta har yanzu yana hana aure a wasu gidaje, kuma sai a 2003 dokar ƙasa ta mayar da bauta laifin da ake hukuntawa. Takardar gadon da ta nuna kakan wane ya mutu da bashi, ko ta nuna kakar wane sayenta aka yi, tana iya ɓata zumunci a yau. Matsayinmu shi ne a ƙirga gidaje, a bayyana hanyoyin sauka, a bar sunaye sai na waɗanda tarihi ya riga ya ambata. Wasu abokan aiki za su ce wannan ya rage ƙarfin hujja, domin ba mai iya bin sawu ya tabbatar. Gaskiya ne, ya rage. Ana iya ajiye mabuɗin sunayen a ma'ajiyar jami'a, a rufe shi na wasu shekaru, kamar yadda ake yi da takardun asibiti.

Wani zamani na kusa ya nuna cewa yawan takarda ma ba ya maganin matsalar. Bayan faɗuwar farashin uraniyom a farkon shekarun 1980 da tsare-tsaren tsuke bakin aljihu da suka biyo, aka daina ɗaukar duk mai digiri aiki kai tsaye. A shekarun 1990 ma'aikatan gwamnati suka yi ta bin bashin albashi na watanni, a watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Jikokin ƴan lakwal ɗin da suka hau a farkon ƙarni, su ne suka gangara a ƙarshensa. A takardun ma'aikata kuwa ba wanda ya sauka: matakin kowa yana nan, lambarsa tana nan, har ƙarin girma ana yi masa bisa takarda. Ana kiransa mushe a unguwa, yana goge rigarsa da safe ya tafi biro. Saukar tana rubuce a wani wuri dabam, cikin littafin bashin mai kanti na bakin titi, inda aka rubuta shinkafa da sukari da sabulu da sunan mushe wata bayan wata, da ranar da mai kanti ya ja layi ya daina ba shi. Waɗannan littattafai ba su shiga kowace ma'ajiya ba. Da yawansu an yage su an ƙunsa ƙosai, amma masu kantin da suka rubuta su wasunsu suna da rai, kuma ana iya zuwa a tambaye su.